Ranar da Na Lotsa Motar Dakta da Hannuna

Har gobe ban manta da ranar da Dakta Shu'aibu ya shigo garejinmu na Kurmin Mashi riƙe da wata tsohuwar ambulan ba. Wata Talata ce da hantsi, sati biyu bayan babbar sallah, yau shekara uku ke nan. Na san da yawanku kun ji guntun labarin a teburin mai shayi, har an ƙara masa gishiri, wai ni Habu na yi kuka a gaban tsohuwa. Ƙarya ake yi mini. Tunda yau aiki ya yi sauƙi, ku matso ku ji shi daga bakina.

Saboda wanda bai san sana'armu ba, ni mai bugun jikin mota ne, abin da ake ce wa fanel bita, kuma shekarata talatin da ɗaya a kai. A garejinmu maigida shi ne Alhaji Tanimu, shi ke karɓar aiki, shi ke sallamar mai mota. Daga shi sai ni, ni ne babba a wajen bugu, sannan masu walda, sannan Iliya mai fenti. In aka kawo motar da ta yi karo, ni nake zagaya ta da alli ina zana da'ira a duk inda ta lotse. A buga daga ciki da guduma a fito da wurin, a shafa foti, wato ƙullin nan da ke cike 'yan ramukan da guduma ta bari, a goge da samfefa, a miƙa wa Iliya ya fesa. Ƙa'idata ɗaya ce, kuma kun san ta don kun sha faɗa a kanta: mota ba ta barin hannuna sai na rufe ido na bi jikinta da tafin hannu ban ji tudu ko rami ba. Ni ko a kan titi na hangi mota a lotse, hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Da damina aiki kan tsaya mana, don Iliya ba ya fesa fenti in gari da danshi. Ni kuma ban iya zaman banza ba. Sai na riƙa tattara guntayen kwanon da muka yanke ina ƙera 'yan ƙananan motoci, tsawon tafin hannu, ina jerawa a kan loka. Maigida ba ya gajiya da tsokanata. Kullum sai ya ce, "Habu, da furfurarka da komai kana wasan yara?" Ni dai ba na kula shi.

Wani tsohon sojan sama da ke zaune a Mando, Alhaji Garba, shi ya fara ganin su da ya kawo motarsa gyara. Ya ɗauki wata 'yar tifa da na yi, ya juya ta, ya ɗaga bodinta. Ashe su biyar ne, duk dattawa da suka yi ritaya, abin da suke so a duniya tara ƙananan motoci. Kowa da kabad ɗinsa na gilashi a falo. Asabar ɗin farko ta kowane wata suke haɗuwa a gidan ɗayansu, a sha zoɓo, kowa ya nuna abin da ya samu, a yi ta musu a kan ƙofa da fitila kamar masu cinikin motar gaske.

To ranar Talatar nan Alhaji Garba ne ya rako Dakta, ɗaya daga cikin su biyar ɗin, yana riƙe da gwiwar hannunsa. Dakta dogo ne, siriri, da farin tabarau mai kauri. Muka gaisa, na goge masa benci ya zauna. Ya ce shi likitan dabbobi ne, ya daɗe da ajiye aiki. Yana saurayi gwamnati ta tura shi karatu Ostireliya, in an yi hutu kuma yakan yi aiki a wata gonar tumaki, mai gonar ya ba shi mota yana zirga-zirga da ita. Ya buɗe ambulan ya zaro hotuna uku da suka fara yin ja.

Ban taɓa ganin irin motar ba. Gabanta motar gida ce sak, da dogon hanci da kujera ɗaya doguwa, bayanta kuma a buɗe kamar a-kori-kura. Launinta ruwan madara, sitiyari a dama.

Ya ce, "Malam Habu, motoci sun fi ɗari a kabad ɗina, na Jamus, na Ingila, na Japan. Wannan ce kawai babu, kuma ita ce kaɗai na taɓa tuƙawa da hannuna ina jin daɗi. Sau biyu ina sa a aiko mini daga waje. Ta farko roba ce, ko ƙofa ba ta buɗewa. Ta biyu ba ƙirar shekarar ba ce. Ina son wadda zan buɗe ƙofarta, in ɗaga bonet in ga inji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan aiki ne na wata uku."

Alhaji Garba ya girgiza mini kai daga bayansa. Dakta ya yi murmushi kamar ya gani, ya ce, "Garba, bar ɓoye-ɓoye, gaya masa zan yi. Malam Habu, hawan jinin ido gare ni. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuma kamar ta cikin bututu nake leƙen duniya da shi, bututun kuma kullum ƙara tsukewa yake. Likita bai ba ni rana ba, amma ya ce abin da nake son gani in gan shi da wuri. Ita nake son gani."

Na ce in Allah ya yarda zai gan ta cikin wata biyu. Maigida da ke jin mu daga ofis ya leƙo ya ce in an tashi daga bugun safe, yamma tawa ce. Ranar bai ce wasan yara ba.

Masu tara motocin nan suna da ma'auni. Wanda Dakta ke so shi ne ɗaya bisa sha takwas, wato duk inci sha takwas na babbar mota ya zama inci ɗaya a ƙarama. Matsalar ita ce ba ni da babbar motar da zan auna, sai hoto. Sai na kama ta ta ƙafa. Na san girman wilin irin motocin zamanin, na auna shi a hoton da rula, daga nan na fitar da tsawon ƙofa, da bonet, da bodin baya. Na kai wa wani kafinta a Rafin Guza awon ya sassaƙa mini siffar motar da katako, a kansa na riƙa kwantar da kwano ina bugawa da 'yar gudumar da na ƙera da kaina, kanta bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Kai, na sha wuya, amma wuya mai daɗi. Ƙofa ce ta fi ba ni ciwon kai, don duk abin da na sa ya riƙe ta sai ya yi girma. Ina sallar azahar wata rana na ga wani dattijo ya ninke tabarau ɗinsa ya ajiye, Allah ya gafarta mini, hankalina ya tafi can. Ana sallamewa na nufi wajen mai gyaran tabarau a kasuwa na kwaso karyayyu, na cire 'yan mahaɗan da ke ninke hannuwansu. Suka zauna a ƙofar motar kamar don ita aka yi su. Kujera kuwa da fatar tsohuwar jakar matata na rufe ta. Har yau in muka yi saɓani sai ta tuna mini, wai ai jakar ba ta mutu ba.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne. A hoto na uku, Dakta ne yana matashi da wata 'yar siririyar mace, sun tsaya a bayan motar suna dariya. Daidai kusurwar baya ta hagu, kusa da fitila, jikin motar ya lotse, fenti ya tsage. Kada wani ya ce ban gani ba. Na gani sarai, tun ranar farko na gani. Abin da na ce a raina shi ne, kash, ga mota mai kyau an bar ta da tabo, da a hannuna take da tuni an wuce wurin. Da na zo kan kusurwar nan na zauna na yi mata aiki na musamman, na fitar da ita sumul, na goge, na rufe ido na shafa. Ina jin kaina kamar wanda ya yi wa tsoho kyauta.

Sati bakwai na gama. Iliya ya haɗa ruwan madara sau huɗu kafin ya dace, ya fesa, ta bushe. Ranar Asabar ɗin haɗuwarsu, wadda ta faɗo a gidan Dakta, na sa shaddata ta sallah, na naɗe motar a tawul na sa a kwali, na tafi bayan la'asar.

Da na buɗe tawul ɗin nan falon ya ɗauki salati. Dattawa biyar suka zagaye tebur kamar an kawo jariri. Wannan ya buɗe ƙofa ya rufe, ya sake buɗewa. Wancan ya ɗaga bonet yana ƙirga wayoyin inji. Alhaji Garba sai cewa yake, "Ban gaya muku ba? A Kurmin Mashi fa! Da guduma fa!" Ni kuwa kaina ya kumbura, ina zaune ina kurɓar zoɓo ina cewa ai ba komai, ƙaramin aiki ne.

Aka miƙa wa Dakta. Ya tashi ya je bakin taga inda haske yake, ya kawo ta daf da idonsa na dama. Ya leƙa ciki ya ga sitiyari a dama, ya yi dariya. Ya murza taya. Sai na ga babban yatsansa ya gangara ta gefen bodi ya nufi kusurwar baya. Ya shafa. Ya dawo ya sake shafawa. Ya juya motar ya duba ɗaya kusurwar, ya dawo kan ta farko. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

Ya ce, "Malam Habu, ina lotsewar?"

Na gyara zama na ce, "Ai na gyara ta, ranka ya daɗe. Ba a barin irin wannan."

Ya ce, "Ka gyara ta."

Sannan ya lallaɓo ya ajiye motar a kan tawul a hankali, ya ce, "Aiki ya yi kyau, wallahi ban taɓa riƙe mai kyanta ba. Amma wannan sabuwa ce daga kamfani, ban san mai ita ba. Ba tawa ba ce."

Kun san ni da zuciya. Sati bakwai! Na naɗe motata, na tura a kwali, na ce a tashi lafiya. Ko sauran zoɓon ban shanye ba. Alhaji Garba ya biyo ni har ƙofar gida yana kira, na yi kamar ban ji ba.

Ranar Litinin na zazzage wa maigida komai. Na ce a kusan shekara talatin ba a taɓa dawo mini da aiki don ya yi kyau da yawa ba sai yau. Na ce mutum ya kawo hoton mota mai rauni, na warkar masa da ita, ya ce shi raunin yake so, wannan wace irin magana ce? Maigida ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Habu, wa ya ce ka gyara?"

Na ce, "Sai an ce? Aikina ke nan."

Ya ce, "Hoto ya ba ka ya ce yi mini wannan. Ka yi masa wannan ɗin?"

Na ce ni dai ba zan ɗauki guduma in lotsa mota da gangan ba, ko ta wasa ce, in 'yan'uwana masu bugu suka ji da wane ido zan kalle su? Na ɗora kwalin a kan loka na koma kan wata bas da ake jira. Kwana uku yana nan. Duk sanda na ɗaga kai sai na gan shi, kuma duk sanda na gan shi sai na tuna da bututun nan da ke tsukewa. Raina bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, amma girman kai ya hana ni sauke shi.

Ranar Alhamis da safe keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin gareji, wata dattijuwa ta sauko da lulluɓinta ruwan toka, tana tsallake baƙin mai. Ta yi sallama ta ce, "Wane ne Habu mai zuciya?" Masu walda suka fashe da dariya suka nuna ni. Ta ce ita ce Hajiya Rabi, maiɗakin Dakta. Kallo ɗaya na yi mata na gane 'yar siririyar da ke cikin hoton.

Na durƙusa na gaishe ta, na kawo kujera daga ofis. Ta zauna ta ce, "Ɗana, ba faɗa na zo yi ba. Lotsewar da ka goge, ni na yi ta."

Ta ce shekararsu ɗaya da aure ta bi shi Ostireliya. Ba ta san kowa ba, ba ta jin Turancinsu, daga ita sai tumaki. Don ya ɗebe mata kewa ya ce zai koya mata tuƙi a cikin gonar. Rana ta uku ta haɗa bayan motar da turken ƙofar shinge. Ta fito ta ga abin da ta yi, ta zauna a ƙasa ta dinga kuka, don a tunaninta mai gonar zai kore shi, labari ya kai makaranta, a maido su gida da kunya, duk a dalilinta. Dakta bai yi mata faɗa ba. Ya tafi wajen mai gonar shi kaɗai ya ce shi ne ya buga. Mutumin ya zo ya duba motar, ya dubi idonta da ya kumbura, ya gane komai. Ya yi ta dariya, ya ce kada wanda ya taɓa wurin, shi ma matarsa ta yi wa tarakta wadda ta fi wannan. Shi ne ma ya ɗauke su hoton.

Ta ce, "A ranar na san wanda na aura. Shi kuma duk jikan da ya ce Kaka ba mu labarin Ostireliya, daga turken nan yake farawa. Tun ranar Asabar bai ƙara maganar motar ba, kuma shiru ba halinsa ba ne. Jiya ya zuba shayi a gefen kofi."

Wannan ta ƙarshen ita ta karya ni. A nan ne ake cewa na yi kuka. Hayaƙin walda ne ya shiga mini ido, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ya zo mu yi ta.

Na sauko da kwalin, na fito da hoton, na ɗora masa gilashin da nake ƙara girman abu da shi. A karon farko na kalli lotsewar nan ba da niyyar kashe ta ba. Hajiya ta ce tun a can suke musu, shi yana cewa giyar baya ta sa bisa kuskure, ita tana cewa gaba take yi, shi ne ya daka mata tsawa ta karkace har bayan motar ya goga. Mu kuwa masu bugu, lotsewa magana take yi mana. In mota tana tafiya gaba ta goga, baya ƙarfen yake tattarewa. A hoton nan kuwa gaba ƙarfen ya tattare, ya yi ɗan tudu ta wajen taya.

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, baya kike yi."

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Na sani mana. Kai dai in ka kuskura ka gaya masa, ni da kai ne."

Aikin da na raina sai ya zame mini jarrabawa. Daga faɗin lotsewar da ke hoton na ƙiyasta kaurin turken, na raba shi sha takwas, ya fito daidai kaurin ƙusa 'yar inci shida. Na yanko guntayen kwano na lanƙwasa su kamar kusurwar motar, na ɗora ƙusa ina bugawa da guduma. Na farko ya yi rami kamar cokali. Na biyu ya yi tsaf, gefe da gefe daidai, kamar ado. Haka na uku, haka na huɗu. Hannuna ya ƙi yin mummunan aiki, duk yadda na so ya karkace sai ya daidaita. Sai da na ɓata tara. Iliya yana wucewa yana cewa, "Oga Habu, yau kai ne ka kasa ɓata mota? Ba ni in taya ka, ni na iya."

Ranar Juma'a da safe dabara ta zo mini. Na ce ai Hajiya ba guduma ta ɗauka ba. Na kafa ƙusar a tsaye na matse ta a bais, wato abin matse ƙarfe, na ɗaura guntun kwano a jikin katakon nan na kafinta, na turo shi da baya a karkace ya daki ƙusar. Na ɗaga na duba. Ga ta nan, da tudunta ta wajen taya da komai. Na sake gwadawa sau biyu don hannuna ya san ƙarfin.

Sannan na fito da motar gaske. Labari ya zaga, duk garejin aka ajiye aiki aka zagaye ni, har masu gyaran birki na maƙwabta. Dama ɗaya ce, in ƙarfi ya yi yawa dalmar da ta riƙe bodin za ta balle, wata guda ya tafi a banza, Dakta kuma ba shi da wata guda na bayarwa. Maigida ya ce, "Habu, in ba za ka iya ba a kira Hajiya ta maimaita." Aka kwashe da dariya. Na yi bisimilla na tura.

Ƙwas!

Wallahi har cikin ƙirjina na ji ƙarar nan. Na ɗaga ta ina tsoron dubawa. Bodi bai balle ba. Kusurwa ta lotse, fenti ya tsage siriri kamar yadda yake a hoton. Gareji ya kaure da tafi da ihu, ka ce ƙwallo aka ci. Iliya ya miƙo hannu wai bari ya ɗan taɓa tsagewar da burushi, na buge hannun.

Ban jira Asabar ɗin wata ba. Ana saukowa daga masallaci na wuce gidan da kayan aikina a jiki. Na samu Dakta a baranda. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, na yi rashin kunya ranar nan, a yafe mini. Ga motarka."

Ya ce ba komai, ya karɓa, ya matsa inda rana take. Bai buɗe ƙofa ba, bai ɗaga bonet ba, kai tsaye ya juya bayanta ya kawo daf da ido. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ina ganinta. Malam Habu, ina ganinta, har tsagewar fentin." Sai ya fashe da wata irin dariya har hularsa ta faɗi, yana buga ƙafa yana kira, "Hajiya! Hajiya! Fito ki ga ɓarnarki, an kawo miki har gida!"

Ta fito tana goge hannu, ta karɓa ta duba, ta ce, "Kai, an ƙara mata girma. Tawa ba ta kai haka ba."

Ya ce, "Ta fi haka ma! Malam Habu, tsakaninka da Allah, kai ne masani. Wanda ya yi wannan, gaba yake yi ko baya?"

Hajiya ta kafa mini ido. Na sosa ƙeya na ce, "Ranka ya daɗe, ni bugu aka koya mini, ba a koya mini shari'a ba."

Ya ce, "An saye ka! Hajiya, da me kika saye shi?" Ta ce da dambun nama, kuma yanzu za ta je ta ɗebo. Muka zauna a barandar nan har la'asar, yana riƙe da motar a cinya yana ba ni labarin tumaki da turke, ita tana gyara masa inda ta ce ya ƙara. Ban taɓa jin daɗin sallamar aiki irin na ranar ba.

Asabar ɗin haɗuwarsu da ta biyo baya dattawan suka sa aka kira ni. Kowa ya zo da tsohon hoto. Alhaji Garba yana son motarsa ta farko, amma da tsagewar gilashin gaba da ƙaninsa ya yi da gwafa. Wani yana son tasa da ƙofa ɗaya mai launi daban. Har yau ban gama da su ba.

Idon Dakta ya rufe gaba ɗaya wata biyar bayan nan. Ya gan ta, ya kuma ƙara ganinta kullum har wata biyar, wannan kaɗai in na tuna sai in gode wa Allah da Hajiya ta hau keken nan ranar Alhamis ba ta bar ni da girman kaina ba.

Abin da na koya shi ne, mu masu bugu mun saba ɗaukar duk lotsewa a matsayin abokiyar gaba, har mukan manta cewa motar da mai ita. Shi ya sa yanzu kuke ganin kafin in zana da'ira da alli sai na kira mai mota na tambaye shi, wannan a gyara ko a bari? Kusan kowa cewa yake a gyara, wasu har su yi mini kallon mahaukaci. Amma an samu direban da ya ce in bar masa wata a murfin baya, mahaifinsa ne ya yi ta, kuma ya rasu.

Kada kuma ku ɗauka na warke. Da azumin bana na je gaishe da Dakta, na same shi da motar a hannu. Wajen lotsewar nan fenti ya goge tas saboda yawan shafawa, ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Kafin in ankara bakina ya riga ni, na ce, "Ranka ya daɗe, kawo in kai wa Iliya ya ɗan fesa wurin nan."

Ya ƙanƙame ta a ƙirji ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, zo ki fitar mini da mutumin nan, ya dawo zai sake gyara mini mota!"